Takalman Bakin Ƙofa

Baba Ayamga ba ya fara kallon fuskar mutum, ƙafa yake kallo. Sana'arsa ce ta jawo masa haka. Tsofaffin tayoyi yake kwasowa daga Magazin, inda makanikan Kumasi suke, ya yanka ya yi takalma. Mutumin Bolga ne, can arewacin ƙasar, ya zo Kumasi yana saurayi, ya tsufa a ɗakin da ke jikin nawa a gidan Maigida Amidu, a Ayigya Zango. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, don haka matata Fusena ce ke zuba masa tuwo. Shi kaɗai ne Kirista a gidan, kuma ba wanda ya damu, sai dai tsokana. In ya fito ran Lahadi da rigarsa ɗaya tilo mai kyau, nakan ɗago daga keken ɗinkina in ce, "Baba, a gaida Turawa." Shi kuma ya ce, "Wahabu, cocinmu ba Bature koraa, ko ɗaya, duka talaka ne kaman kai."

Gaskiya ya faɗa. Cocin nasu rumfar kwano ce a bayan shagon wani kafinta mutumin Jos, Fasto Bitrus. Leburori ne da masu gadi ke taruwa, yawancinsu 'yan Najeriya da Mosawa, su zauna kan tabarma, a yi musu wa'azi da Hausa. Da yake duk rainon zango ne, kowa a bakin ƙofa yake tuɓe takalminsa kamar a masallaci, ba wanda ya taɓa tunanin akwai wata hanya. Baba kuwa ya ji labarin Annabi Musa da aka ce ya cire takalmi a wuri mai tsarki, ya riƙe shi gam. A wurinsa magana ta ƙare: inda Allah yake, za ka tarar da takalma a waje.

Abu ɗaya ya rage masa, baftisma. Da girmansa ya shiga addinin, Fasto Bitrus yana koya masa a hankali, har ya sa masa rana: Kirsimetin 1969, a rafi. A lokacin tari ya riga ya kama Baba, irin wanda ke lanƙwasa mutum. Ya ce da ni, "Ni dai ruwan nan shi taɓa ni kafin ƙasa shi taɓa ni." Na ce masa ya daina yi wa kansa mugun baki.

Sai ga dokar gwamnati a watan Nuwamba, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Wanda bai ga zango a kwanakin nan ba, ba zai gane ba. Mutanen da aka haifa a nan suna sayar da gado da tukunya a bakin titi, ana cusa su a lori da 'ya'yansu. Fasto Bitrus ya je sayen ƙusa a kasuwa aka kama shi, ko gida bai dawo ya yi sallama ba. Lahadin da ta biyo baya Baba ya je rumfar, ya tuɓe takalminsa ya shiga, ya zauna shi kaɗai har rana ta take. Baba ɗan ƙasa ne, ba wanda ya kore shi, amma cocinsa kaf ya hau lori.

Daga nan ya shiga neman wani. Ya fara da wani babban coci na siminti a cikin gari. Ya ajiye takalminsa na taya a matakala, ya shiga ƙafa ba komai a tsakanin mutane masu takalma sai ƙyalli. Mai tsaron ƙofa ya ɗauka maroƙi ne, ya ja shi bencin baya. Wa'azin duk da Tuwi aka yi, harshen Asantawa, shi kuwa Tuwinsa na ciniki ne kawai. Da aka tashi, wani dattijo ya saurare shi da mutunci, ya ce za a yi masa baftisma, amma sai ya yi shekara a ajin koyo.

Na ce masa, "Baba, ka koma. Mutumin nan bai wulaƙanta ka ba. Ka gaya masa ba ka da lafiya, ƙila su rage maka."

Ya ce, "Wahabu, kai ba ka gani ba. Har shi babban, da takalmi shi ke taka gaban Allah."

Na yi masa faɗa har muryata ta dushe. Ni Musulmi, ga ni ina yi wa coci kamfe, Fusena na ta dariya a bakin murhu. Baba bai koma ba.

Wata Lahadi ya dawo daga unguwar Buokrom fuskarsa a washe. Ya samu wani coci, mutane cikin fararen riguna, ga takalma tsibi guda a bakin ƙofa. Bai tambayi me ake koyarwa ba, takalman sun ishe shi. Mai cocin, wanda suke cewa yana ganin abin da ke ɓoye, ya dafa ƙirjin Baba ya yi magana ta bakin tafinta. Wai tarin nan iska ce ta shige shi ta abincin waɗanda ba su ba da gaskiya ba. Ya ce Baba ya bar maganin asibiti, ya bar tuwon gidanmu, ya riƙa azumi. Ranar da tarin ya fita, ranar za a sa shi a ruwa.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kwanon Fusena ya fara dawowa a rufe yadda ta kai shi. Ta tsaya a ƙofarsa ta ce, "Baba, shekara nawa kana cin hannuna, yau ni ce guba?" Ya kasa kallonta, ya ce, "Ɗiyata, yi haƙuri, kaɗan ya rage." Ta koma ɗaki tana kuka. Shi kuma kullum sai ƙara ramewa yake, har wuƙar yankan taya ta fi ƙarfin hannunsa. Na tambaye shi ko yana ƙaruwa da wani abu a can. Ya ce, "Kiɗan ganga ne da faɗuwa ƙasa. Ba na jin komai kaman na Fasto. Amma suna cire takalmi."

Tarin bai fita ba. Farkon damina, wata Talata da hantsi, Baba ya cika a kan tabarmarsa, ruwan bai taɓa shi ba.

A zango ba ma barin gawa ta kwana. Maigida Amidu ya hau mota zuwa Buokrom, aka ce masa ba a yi wa mamacin baftisma ba, ba nasu ba ne tukuna. Ya je babban cocin, suka ce ba su san shi ba, kuma gaskiyarsu ne. Limaminmu ya ce ba za a yi masa salla ba, wannan kowa ya sani, amma maƙwabci ba ya ruɓewa a ɗaki. Mu muka wanke shi. Na ɗinke farin yadi, muka kai shi maƙabarta, aka nuna mana wani gefe kusa da ciyawa.

Da muka rufe kabarin sai muka tsaya cirko-cirko. Ba mai addu'ar da zai yi masa. Tamu ba tasa ba ce, tasa kuma masu ita suna can hayin iyaka. Ina kallon ƙasa don kada a ga idona, sai na lura rabinmu takalman Baba ne a ƙafarmu.

Maigida Amidu ne ya fara sunkuyawa. Ya zare nasa ya ajiye a gefe. Ɗaya bayan ɗaya muka tuɓe, muka tsaya a kan jar ƙasa mai zafi.