Kindirmo a Marfin Kwalba

Ni dillalin wake ne da gyaɗa. In na ga ƙwaro a buhu, maganin kashe shi nake nema. Da wannan tunanin na kai autata asibiti a Kano, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Rano.

Shekararta shida, ba ta magana, ba ta kallon idon mutum. Aikinta jera marafan kwalba a soro, kuma mun saba da hakan. Abin da ya hana mu sakat shi ne cikinta. Sai ta kwana huɗu ba ta zaga ba, tana kuka tana dukan tabarma, ba ta iya nuna inda ke ciwo. Har ta fara ramewa.

Likitar, wata mace mai fara'a, ta ce yarinyar na da lalurar galahanga. Ta ƙara da cewa hanjin kowa cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ma binciken ko suna da alaƙa da lalurar.

Na ce, "To rubuto maganin tsutsa mai ƙarfi, a gama da su."

Ta yi dariya har ta ajiye biro. "Alhaji, waɗannan ba kashe su ake ba, kiwonsu ake. Ban yi maka alƙawarin warkewa ba, don ba a tabbatar da komai ba. Amma cikin za a iya lallaɓa shi da kindirmo, ganye, wake da ruwa."

Wake! Ni da nake wuni a kan buhunsa.

Kindirmon kuwa, wurin wata dattijuwar Bafulatana daga rugar bayan Rurum na same shi. Na tambaye ta yadda take haɗawa, ta ce ludayi ɗaya na jiya take zubawa a dafaffiyar madara, shi ne iri.

"Ashe, Inna, har a ƙwarya kiwo kuke?"

"Ku Hausawa ai sai likita ya faɗa kuke yarda da mu."

Sai dai autata ta ƙi sha. An sa a kofi, an dama da fura, ta ture. Kwana biyar muna fama. Ni kuma na san mai saye: ba a tura masa kaya, ajiyewa ake inda idonsa ya saba sauka. Na wanke marafanta tas, na ɗiga kindirmo a kowanne, na mayar da su layinsu. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗauki na farko ta lashe, ta bi layin har ƙarshe. Uwarta ta toshe baki da mayafi kada guɗa ta kuɓuce mata.

Daga marfin kwalba muka koma marfin jarka, daga nan ludayi. A hankali cikin ya saki, kukan ya ragu, kumatu suka dawo.

Maganar ba ta zo ba, ban kuma yi wa kowa ƙaryar ta zo ba. Amma wata safiya ina ciniki da wani mutumin Kibiya, sai autata ta fito ta kama hannuna, ta ja ni har gaban ƙwaryar kindirmon, ta ɗora hannun a kan faifan da ke rufe da ita. Na waiwaya na ce, "Malam, zauna tukuna. Ina da babbar mai saye."