Murhun da Na Tarar a Riruwai

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma har yau in na tuna haushi ne ke fara kama ni kafin tsigar jikina ta tashi. Shekarun baya ne, ina malamin gona, aka tura ni Riruwai aka ba ni wani tsohon gida na Turawan haƙar kuza, muka tare ni da matata Hadiza tana da tsohon ciki. A kicin ɗin akwai wani jibgegen murhun ƙarfe wanda sai ƙarti sun taru za su iya gusar da shi, a ƙofarsa an zana wata mace mai lulluɓi, a ƙasa an rubuta Vesta da boko.

Ranar da muka shiga na buɗe shi, sai ga garwashi jawur, alhali gidan ya daɗe a kulle. Na ce ko masu shara ne, na sheƙa masa ruwa. Kafin la'asar ya dawo. Ba itace, ba gawayi, ko toka babu, ga bazara, gida ya koma kamar gidan burodi. Kullum in kashe, kullum ya tashi, ni da nake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa!

Na je na sami maƙwabcina Malam Bitrus, mai koyar da tarihi a sakandare, na tambaye shi ma'anar rubutun. Ya ce ai Vesta allahiyar murhu ce a wurin Rumawan dā, ba su ma cika yi mata gunki ba, wutar ita ce alamarta. Wai a ɗakin bautarta akwai 'yan matan da aka keɓe, ba sa aure, aikinsu tsaron wutar, don sun ɗauka in ta mutu masifa za ta auka wa birnin, wadda kuwa ta yi sake wutar ta mutu a hannunta bulala za ta sha. Na ce, "A'uzubillahi! To ni Barume ne? Wa ya gayyato ta nan ƙasar Doguwa?" Ya yi dariya ya ce masu ƙera murhun ne kawai suka ari sunan. Na ce, "To wutar fa, ita ma aronta suka yi?"

Liman ya zo ya yi addu'a ya tofa, wuta tana nan. Abin da ya fi ƙona min rai, Hadiza har tuwo take tuƙawa a kai, wai, "Malam, ni fa ban ga laifinsa ba, ko hayaƙi ba ya yi." Matan unguwa suna zuwa ɗibar wuta, suna fita suna cewa malamin gona yana da iskoki. Kai!

Da Hadiza ta haihu, Gwaggonta ta zo daga Kiru don wankan jego, ta ji labari, ta rantse ba za ta taɓa ruwan da aka dafa a murhun kafirai ba. Da ma a wuya nake. Da hantsi na ɗebo jiƙaƙƙen yashi a rafi na ɗura masa har baki, na danne. Ya mutu murus, na ce alhamdulillahi.

Ashe ban ga komai ba. Daga wannan lokacin wuta ta ƙi kamawa a gidan. Ashana sai ta yi fau ta mutu, risho ya ƙi, garwashin da aka ɗebo a maƙwabta yana ƙetare bakin ƙofa sai ya yi baƙi. Muka dafa ruwa a gidan Malam Bitrus, kafin a kai shi banɗaki ya huce kamar na randa. Gida ya ɗauki wani irin sanyi da rana tsaka, mai jego tana rawar ɗari, jariri ya ƙi kama nono, kukansa ma ya fara dishewa. Gwaggon da ta sa ni aikin ita ce ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kwashe yashin nan." Na ce, "Gwaggo, ba ke kika ce..." Ta ce, "Na ce ka kwashe!"

Na durƙusa ina yasa da hannu, ina ta Hasbunallahu, ina masifa. Ina isa ƙasa wani abu ya ƙona min yatsa, na duba, garwashi ne jawur a ƙarƙashin jiƙaƙƙen yashi. Nan take na ji ajiyar zuciya a bayana, irin ta macen da ta sauke kaya, na waiga, ba kowa, su Hadiza suna can cikin ɗaki. Ba a jima ba na jiyo Gwaggo tana cewa yaro ya kama nono.

Ana yin suna na nemi canji zuwa Tudun Wada. Ni dai ban yarda da wata allahiya ba, Allah ɗaya ne, ko aljani ne ko mene ne Shi ya bar wa kansa sani. Amma don Allah, in aka ba ku tsohon gida, ku leƙa kicin tun kafin ku sauke kaya, in kun tarar da wutar da ba ku kuka hura ba, kada ku tsaya gardama da ita, ku ja ƙofa ku nemi wani gidan.