Ƙwallon Dabinon da Hajja Ke Warewa Gefe

A unguwar Nakkasa na tashi, a ƙasa mai tsarki, can saman dutse, inda mota ba ta hawa sai ƙafa. Da an sallame magariba kakata Hajja Dije za ta jawo kurfoti tsakar gida ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye wutar. Ni "Maigida" take ce min, wai mijin da ba ya cefane sai cin dabino. Ƙwallayen kuwa ba a zubarwa, tana da gwangwanin da take tara su.

"Ga ta nan ta zo muku, ta yau babu ƙarya a ciki," in ji ta, sai ta juye gwangwanin a tabarma.

Labarin ɗaya ne kullum, amma ba mu taɓa gajiya ba. Yadda suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa ita da kakanmu, suka yi shekaru a Sudan suna cirar auduga, suka ƙetare teku, suka sauke farali, suka zauna. Sai ta jera ƙwallo uku, gidaje ukun da ta tarar a dutsen. Daga nan ta dinga ƙarawa: wannan Baffa Isa mai tsire, ya auri 'yar wancan, waɗannan mutanen Cadi ne, da yaransu tara. Kowane ƙwallo da sunansa da na uwarsa. Kafin shayi ya huce gwangwani ya ƙare, mutane ba su ƙare ba. Sai ta ce, "Halas, shi ke nan! Sauran sai kun ci dabino kun kawo."

Akwai ƙwallo ɗaya da take fara warewa gefe, ba ta kiran sunansa. Wata rana, don tsabar rashin ji, na ɗauke shi na jefa a wuta. Wallahi ban taɓa ganin tsohuwa da zafin nama haka ba! Da hannu ta tsamo shi cikin garwashi. Ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi. Ta daɗe tana hura yatsunta, sannan ta ce:

"Maigida, wannan ɗana ne na fari, yayan babanka. Sunansa Habibu. A hanya na haife shi, a hanya muka binne shi, bai cika arba'in ba. Babu takarda, babu alamar kabari. In na mutu ka manta, shi ke nan, kamar ba a yi shi ba."

Hajja ta daɗe da rasuwa. An rushe gidanmu, yanzu haya nake a unguwar Kudai. Sunayen ƙwallayen nan rabinsu sun kuɓuce min, kuma abin yana cina, don sai yanzu na gane ba tatsuniya take mana ba, amana take ba mu.

Kwanan baya 'yata Maryam, da aure ya kai Amurka, ta kira ni. Wai a ofishin gundumarsu akwai ɗaki guda na rajista: haihuwa, aure, ƙidaya, tun garin yana 'yan gonaki har ya cika. Maƙwabciyarta ta tono kakanninta har bakwai, ita ma Maryam za ta rubuta wa ɗanta namu. Na fara jero mata sunaye.

"Baba, wane ne Habibu? Akwai wata shaida tasa?"

"Akwai," na ce. "Na gan ta a yatsun Hajja, har ta koma ga Allah tabon bai ɓace ba. Rubuta shi a sama da babana."