Mutumin Da Ya Hana A Ce "Abin Nan"

Ɗan gwaggona, wanda dangi ke kira Alƙali, tun yana rarrafe ba ya yarda a ce "abin nan". In gwaggo ta ce, "Kai, miƙo min abin nan," sai ya tsaya ƙiƙam har ruwa ya ƙone a tukunya, yana jira ta ce ludayi. Ya sha duka a kan haka fiye da jakin ɗaukar yashi, bai daina ba.

Da ya girma sai ya samu aiki a wani ofis mai sanyin tsiya, inda ake kula da wani ƙunshin manhajar kwamfuta. Wasu masu rubuta manhaja ne ke aronsa su ɗora nasu aikin a kai. Kafin ya yi maka aiki sai ka saita shi, kuma kowane umarni na saitin yana da sunan da ake kiransa da shi. Nan Alƙali ya tarar da ɓarna. In aka faɗe su da Hausa, wani umarnin sunansa "saita harshe", na kusa da shi "sa lokaci", na gaba "canja launi", alhali aikinsu iri ɗaya ne. Akwai ma wani mai suna "gyara", wanda ko mai rubuta shi ya mutu bai san me yake gyarawa ba.

Shekara da shekaru yana roƙon oga a bar shi ya daidaita su, duk su fara da "saita". An ba shi ƙarin girma a wani sashe, ya ƙi, wai sai ya gama wannan. Matarsa ta ce, "Baban yara, abokanka sun yi mota, kai kana kokawa da suna?" Ya ce, "Ke dai bari. Wanda ya san ɗaya zai san sauran ba tare da tambaya ba. Wannan shi ne rahama."

Rannan oga ya gaji ya ce, "Je ka yi, ka bar min kunne." Alƙali ya rame kamar tsinken sakace, ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ya jera su sumul. Tsofaffin kuwa ya share su tas, don a ganinsa barin su ƙazanta ne.

Aka saki sabon. Kafin shayinsa ya huce, wayar ofis ta ɗau zafi. Duk wanda ya ɗora aikinsa a kan tsohon suna, manhajarsa ta kira ba a amsa ba, ta tsaya cak. Wani mai kanti da manhajar lissafin cinikinsa ta tsaya ya kira yana ihu, "Malam, ni ina ruwana da kyan suna? Layi ya kai titi!"

Oga ya zo ya tsaya a kansa. "Maido da tsofaffin."

"Oga, to sababbin fa?"

"Su ma bar su, wasu sun fara amfani da su. Sai kowa ya kira wanda ya ga dama."

Haka kowane umarni ya koma da suna biyu, rikicin ya ninka wanda ya tarar. "Gyara" ma ya dawo yana ƙiba. Alƙali kuma aka ɗauke shi daga rubutu aka kai shi teburin amsa ƙorafi, kusa da banɗaki, inda kullum ake tambayarsa wanne ne daidai, yana cewa, "Duk ɗaya ne."

Ran hutu muna zaune a falonsu, matarsa na ɗinki, ta ce, "Baban yara, miƙo min abin nan."

Yara suka bar wasa, suna murmushi, suna jiran wa'azi. Ya duba tebur, ya ɗauki almakashi ya miƙa mata. Zare take nufi, amma da ta ga fuskarsa sai ta karɓa.