Ƙullin Likkafanin Malam

Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, a gidan ɗana a East Greensboro, can Amurka, kwana uku da fitata takaba.

Muna yara a ƙauyenmu, gabas da Damagaram, in an gama tuwo sai kakata Inna Delu ta hura karan dawa, ta zauna tana tufkar igiyar rama a cinya tana ba mu tatsuniya. Guda ɗaya ce muke tsoro, ita kuma muka fi roƙo.

Wani mai tufkar igiya ne ƙanensa ya rasu. Wajen ɗaure likkafani hannu ya bi sabo, ya yi masa ƙullin guga wanda ba ya saki, aka rufe shi ba a kwance ba. Tun daga ranar, kowace safiya sai a ga sawu a ƙofar gidan, ƙafa biyu a haɗe, kamar na mai tsalle.

"Inna, me yake so?"

"A kwance shi mana, ja'irai. Amma mamaci ba ya roƙo. Tsayawa yake yi ya jira."

Ban sake tuna labarin ba sai bara. Rabi, matar ɗana, tana kula da wata tsohuwa Bayahudiya, wata Asabar na raka ta. Ɗankwalin tsohuwar ya ƙulle tam a ƙarƙashin haɓa har yana cin fata, ba ta taɓa shi ba. Rabi ta ce a addininsu ba a yin ƙulli mai ɗorewa ranar Asabar, ba a kuma kwance shi, sai zarge da ake ja ya saki. Ba za ta kuma sa wani ya yi mata ba. Tana zaune tana kallona, shiru. Na sa farce na kwance.

Da sanyi ya shigo mijina Malam ya rasu ya bar ni. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Shekara arba'in da shida muna tare ban taɓa jin ya roƙi ko ruwan sha ba, sai dai ya zauna ya jira in gane. Shekaranjiya na daure na tambayi ɗana.

"Sani, da kuka sa shi a kabari, kun kwance masa ƙullin?"

Ya ce, "Mama, ana ta ruwa, kowa na sauri. Wallahi ban tuna ba."

Liman ya ce babu kome a kan Malam, na kuma yarda. Sai yanzu na gane ba tsoron matattu Inna ke koya mana ba, masu shiru take so mu duba tun suna kusa. Kullum ni ke gane abin da yake jira. Wannan karon ne kaɗai ba na wurin.