Motar Hajiya Dije Ba Ta Komawa Baya

Duk wanda ya taɓa kai wa Hajiya Dije talla a Ƙanƙara ya san gaisuwarta. Ba ta tambayar kuɗi, ba ta tayi. Sai ta gyara zama, ta tura goro gefen kunci, ta ce, "To, hwaɗi aibinai." In ka kuskura ka ce ba shi da aibi, ciniki ya mutu ke nan, ko kyauta za ka ba ta. Wai abin da aka ce ba shi da aibi, ɓoye mata aka yi.

Ni Isiyaku direba, surukinta, ta wannan ƙofa na shigo gidan. Ran da baffana ya kai goron neman auren ɗiyarta, maza sun gama magana a zaure, sai ga saƙo daga cikin gida, wai a faɗi aibin yaro. Baffa ya ce, "Haba, yaron nan ba shi da aibi." Wallahi kafin ya sa takalmi an fito masa da goronsa! Washegari ya koma a fusace, ya ɗaga murya yadda za ta ji: "Shina da minshari, kuma in ya samu tuwo ba shi tuna akwai na baya!" Ta ce, "Madalla, ashe mutum ne. A ba shi."

To, maganar mota. Shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai, jaki ya kayar da ita a hanyar kasuwar Faskari, ita da garwar man gyaɗarta. Da aka ɗauko ta, tana kwance ana gasa mata ƙugu, ta ce, "Na gama da jaki. Mota zan saye." Gida ya ɗauki salati. A lokacin nan in ka cire Di'o, Baturen mulki, da hakimi, wa ke da motar shiga? Balle mace, balle mai suyar ƙuli! 'Yan'uwanta suka taru suna ba ta haƙuri, ita kuwa ta riga ta aika ruga a kaɗo shanunta a kai kara.

Aka ce akwai wata mota a Sheme, ta wani Kwara, Balarabe mai awon gyaɗa, da ya koma ƙasarsu, ya bar ta hannun dillali, Malam Sale. Ta aiko kirana. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, yadda suruki ke yi. Ta ce, "Kunyar nan ka aje ta gida. Yau aiki na ɗauke ka."

Jama'a, da na ga motar sai da na haɗiyi yawu. Baƙa, doguwa, kujerun fata, har da labule a tagar baya. Malam Sale yana shafa ta da bakin rigarsa. Hajiya ko kallon ƙyallin ba ta yi ba.

"Hwaɗi aibinta."

"Hajiya, wagga? Bature ya hwara shiga, sannan Kwara. Ko tari ba ta yi."

Ta miƙe za ta tafi. Da ƙyar na roƙe ta ta bari in duba. Na leƙa agogon mil, ya nuna kamar jiya aka sauke ta daga jirgi. Amma robar birki da ta kuloci sun cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi kamar tsohuwar muciya, kujerar direba ta lotsa. Malam Sale ya ce ai Baturen ne mai jiki. Na matsa kusa da Hajiya na yi ƙasa da murya.

"Hajiya, agogon ga ya cika ne ya koma farko. Motar ga ta ci hanya har ta gaji."

Ina jira ta ce mu tafi, sai na ga fuskarta ta washe. "Ashe sauka ta yi, ta koma bita! Ci gaba."

Ta yaye farin mayafinta, wanda ta zo da shi daga Makka, ta ce a shimfiɗa ƙarƙashin injin. Na ce, "Hajiya, mayahin Makka?" Ta ce, "Shi ne ba shi ƙarya." Aka tada mota. Wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, wani tsoho da ke alwala ya bar butarsa. Da aka janyo mayafi, ga baƙin mai, ga jan ruwa mai tsatsa daga lagireto, ga wani abu da har yau ban san daga ina ya ɗigo ba. Tayoyin kuwa, kowace da irin zanenta.

Na ce, "Hajiya, yoyo take yi ta ko'ina."

"Alhamdu lillahi. Ni ma guiwata ruwa gare ta, ka ga an yar da ni?"

Ta juya ga dillali. "Saura mi?" Ya rantse bayan wannan babu komai. Ta ce to a ɗana ta zuwa Faskari. Ta sa aka cika but da buhunan gyaɗa, ta kira ƙawayenta biyu da suka rako ta, kowace ta yi biyuna, suka zauna baya. Malam Sale ya fara ja da baya, wai azahar ta gabato. Ta ce, "Shiga gaba. Kai da ka san ba ta da komi, kai za ka zauna kusa ga gilashi."

Da fari lafiya lau. Kai, motar akwai daɗi, kamar kana kan katifar rimi. Sai da muka kai wata gangara mai sauka rafi, na taka birki, na ji ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka kunu. Na sake takawa. Babu! Mota ta ɗauki gudu, buhuna na tura mu, ga garken shanu can ƙasa suna tsallaka hanya. Na ce, "Innalillahi!" Ƙawayen Hajiya suka rungume juna suna kalmar shahada. Malam Sale kuwa sai bakinsa ya ɓalle:

"Birki na shan iska! Harba shi, harba shi! Na hannu ya tsinke tun bara! Ba ta ribas! Ta taɓa kwana cikin gulbi! Wayyo iyalina!"

Na yi ta harba birki, na danna ta giya ta biyu tana kururuwa, na karkata sitiyari muka bar hanya. Muka ratsa gonar auduga, muka tafi da shingen wani bawan Allah, sannan yashin rafi ya riƙe mu. Shiru. Ba ka jin komai sai lagireto na tafasa. Bafulatanin shanun yana tsaye, sanda a kafaɗa, baki buɗe.

Sai muryar Hajiya daga baya, ko gezau: "Yawwa, Malam Sale. Yanzu ka yi magana. Na saya."

Na waiwaya, na manta da wata surukuta. "Hajiya! Mutuwa fa muka leƙo!"

"Mun leƙa, ba mu shiga ba. A biya mai gona shingenai."

Makaniki a Funtuwa ya gyara birki, ya toshe lagireto. Da ya zo kan ribas ya ce sai an sauke giya gaba ɗaya, ta ce a bar shi. "Ina za ni baya? Abin da na baro can na gama da shi." Haka muka yi ta yawo, kullum ina neman filin da zan yi kwana. Ran da muka je suna Sabuwa na shiga wani lungu, ashe ba ya ɓullewa. Na ce a kira samari su tura mu baya. Ta ce motarta ba za ta yi tafiyar kunya gaban mutane ba. Ta sauka, ta yi sallama da mai gidan da ya tare mu, suka ƙulla magana. Ina zaune na ga ana kwance danga. Na ratsa tsakar gidan mutane, tsakanin turmi da murhu, matan gida sun ruga ɗaka suna leƙe, na fita ta bayan rumbu. Hajiya na tafe a ƙasa tana gaishe su: "Sannunku da aiki, wucewa za mu yi."

Amma ku da kuka zauna unguwarmu kun san wa motar nan ta fi ɗauka. Mai naƙuda, wanda maciji ya sara, yaron da ya faɗo daga kuka. Kujerun fatar nan sun sha jini da amai, Hajiya ba ta taɓa yamutsa fuska ba.

Ranar da jikin Hajiya ya yi tsanani, na kawo mota ƙofar gida zan kai ta asibitin Funtuwa. Muna shirin ɗaukarta sai ga maƙwabcinmu a guje, matarsa haihuwa ta zo da gardama, jini ya ƙi tsayawa. Na ce to a haɗa su. Hajiya ta ce a'a, yarinyar kwanciya take bukata, kujerar ba ta isar mutum biyu. Ta dube ni, karo na farko ta kira sunana: "Isiyaku, kai ta. Ka bi a hankali wurin ramu."

Na kai ta, ta sauka lafiya, ɗiya mace. Da na dawo, tun daga bakin unguwa na hango tabarmi a ƙofar gida.

Allah ka ji ƙan Hajiya Dije. Yadda ta sauƙaƙa wa bayinka hanya, ka sauƙaƙa mata tata, ka yalwata mata makwanci, ka sa ta huta. Amin.