Garmahon Ardo Buba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule mai gyaran agogo da keken ɗinki a kasuwar Ƙafin Maiyaki. Rumfarsa yanzu wurin sayar da kaset ce, waƙa na tashi tun safe, 'yan acaɓa sun yi layi a gabanta. Duk sanda na wuce nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin da rediyo kan lalace a jefar da ita a sayi wata. Ina jin murmushi kawai zai yi, ya ce a miƙo masa ya gani.

Yaya bai yi boko ba. Ni na yi, har na zama malamin makaranta a Kiru, kuma na daɗe ina ganin na fi shi sanin duniya. Rana ɗaya ta raba ni da wannan tunani.

Ranar kasuwa ce da hantsi, ina zaune a rumfarsa, sai ga wani dattijo, Ardo Buba daga wata ruga a gefen dajin Falgore, ɗauke da baƙin akwati nannaɗe cikin tsohon zane. Bayan an gama gaisawa ya buɗe, sai ga garmaho, akwatin waƙa mai faifai, irin na ɗauka a hannu wanda ake murɗa wa mariƙi kafin ya yi waƙa. Ya ce ba gyara ya kawo ba, shekarunsa yake so a gaya masa.

Sannan ya ba mu labari. Yana yaro, a shekarar da fara ta cinye gero, tun kafin yaƙin duniya na biyu, wansa Jaɓɓo ya kora shanu Kurmi, can kudu, a ƙasa, bai dawo ba. Aka ce zazzaɓi ya kashe shi a hanya, aka yi sadaka. Bayan shekaru da yawa wani falke ya kawo wa mahaifiyarsu wannan akwati, ya ce a Kurmi aka ba shi saƙo, bai san komai ba bayan haka. Dangi suka ce kayan mamaci ne mai masaukinsa ya ajiye, sai yanzu ya tuna ya aiko. Tsohuwa ta ce a'a, ɗanta na da rai. Ardo ya ce shi ya fi kowa musa mata, har ta koma ga Allah ba su daidaita ba.

"Malam," in ji shi, "in kafin tafiyar Hamma Jaɓɓo aka ƙera shi, to na huta. In bayanta ne, na zalunci Inna."

Ni na fara karɓa, da yake ni ne mai Turanci. Na karanta duk abin da ke jikin marfin, na sami sunan ƙasa da wasu lambobi, babu shekara. Na ce ba za a iya sani ba. Sai Yaya ya gyara zama. Ya shimfiɗa buhu, ya wanke hannu, ya jawo akwatin gabansa.

Da ƙuruciya ya yi shekaru a wajen wani mai gyaran garmaho a Kano, amma ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Ran nan na ga abin da ya koyo. Ya ɗaga kan da ake ɗaura wa allura ya duba shi a hasken rana, ya ce na farko-farko fatar muryarsu kamar gilashi take, ana hango ta ciki, wannan kuwa ta alminiyon ce. Ya taɓa birkin, ya ce mai tsayar da kansa ne in waƙa ta ƙare. Ardo ya matso, Yaya ya ɗaga masa hannu, ya ce waɗannan biyu ba su isa shaida ba, an yi irinsu kafin yaƙi ma. Ya goge ƙarfen hannun da ke riƙe da kan allurar da gefen rigarsa, ya nuna mana farinsa mai shuɗi-shuɗi ne, ya ce na zamanin da kuwa rawaya-rawaya yake yi in ya tsufa. Daga nan ya zaro ɗan kwanon ajiye allura daga kusurwa, ya ƙwanƙwasa shi a haƙorinsa. Roba ce. Ya ce duk irin wannan akwati da ya taɓa buɗewa na kafin yaƙi, kwanonsa ƙarfe ne, kuma ramin wannan bai nuna an taɓa sauya shi ba.

Sai ya kwance kusoshin, ya ɗaga katakon da injin ke maƙale da shi. A bayan katakon an zana wata alama da bakin wuƙa. Ardo ya kalle ta, ya dafe ƙasa. Shaidar garkensu ce, wadda suke yi wa shanu.

"Ardo," in ji Yaya, "bayan yaƙi aka ƙera wannan, kuma mai wannan alama ya riƙe shi da hannunsa. Ban ce yana da rai yau ba, wannan Allah ya sani. Amma sanda aka yi masa sadaka, da ransa."

Ya sa wa injin mai, ya ɗaura sabuwar allura, ya murɗa mariƙin, ya aza faifai ɗaya da ke cikin marfin. Wata murya ta Kurmi ta fito tar, da ganga a bayanta, daga akwatin da ba batir ba lantarki. Masu awon hatsi suka bar mudu suka taho. Ardo kuwa ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa.

Daga ranar ya shiga cigiya. Duk dillalin shanun da zai bi mota Kurmi sai ya zana masa alamar a takarda. Yaya ya rasu ba a ji komai ba, ni ma na fid da rai.

Yaya bai bar gida na siminti ba, kayan aikinsa ma a jaka ɗaya suka shige. Abin da ya bari shi ne wannan hali na kallon abu har sai ya faɗi gaskiyarsa, da tsayawa daidai inda saninsa ya tsaya. Da ya ƙara ko kalma ɗaya don faranta wa Ardo rai, da ban yarda da sauran ba.

Bara da kaka, Ardo ya zo gidana yana dogara sanda, tare da wani magidanci mai furfura a gemu, wanda Hausarsa ke karyewa da Yarabanci. Ɗan Jaɓɓo ne, takardar alamar ce ta isa hannunsa. Mahaifinsa ya rasu tuntuni, kunyar shanun da annoba ta kashe masa a hanya ce ta hana shi dawowa gida. Baƙon ya ce kafin ya sha ruwa a kai shi kabarin mai gyaran nan. Muka je mu uku. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya daɗe yana addu'a ga mutumin da bai taɓa gani ba, mu kuma muna cewa amin.